Filemon Mai Waƙar Ninja

Filemon Zaki mai facin taya ne a bakin hanyar da ta nufi iyaka, nan Jibiya. Mutumin Gangara ne. Mahaifinsa Zaki makaɗin noma ne, wanda a da ake zuwa ɗaukarsa daga Riko har Daddara in za a yi gayya, kuma a gindin gangarsa Filemon ya koyi kiɗa. Da ya dawo gari, sai kiɗan ya rage masa na ranar Lahadi kawai, a majami'a.

Jikin rumfarsa akwai shagon gem, wato wasan bidiyo, na wani matashi, Zunnuraini. Wasan da samari suka fi so a can shi ne na ninja, mayaƙan nan masu baƙaƙen kaya da rufaffiyar fuska, masu hawa bango kamar ƙadangare. Zunnuraini ya tara waƙoƙin ƙasashen waje a wayarsa, wai na ninja ne, yana sakawa a lasifika tun safe. Ba mai jin abin da suke cewa.

Wata rana da aiki ya yi sauƙi, Filemon ya leƙa ya tsaya kallo. Can ya girgiza kai.

"Wanga kiɗa bai dace da mutumen ba. Shi yana sanɗa, kiɗan yana ihu."

Zunnuraini ya yi dariya. "To Baba Filemon, ai sai ka yi mana wanda ya dace."

Da wasa ya faɗa, amma Filemon bai ɗauke ta wasa ba. Ya riƙa tare masu wasan yana tambayarsu: ninja yana da gari? Wa ya koya masa faɗa? Me ya sa yake ɓoye fuska? Abin da suka gaya masa shi yake juyawa a ransa yana faci, yana ƙwanƙwasa ƙarfen taya a hankali har waƙa ta zauna. Matarsa Leah ta ce mutane za su ce ya koma yaro. Ya ce su ce.

Ranar ɗaukar waƙar, Zunnuraini ya kashe janareta, ya kafa waya a kan benci. Filemon ya rataya ganga ya fara:

"Mai tafiya ba sawu,
inuwa ta gan ka ta kauce,
ka wuce kare bai farka ba."

Da aka saka ta a lasifika, samari suka fashe da dariya. Amma wani direban babur, Abdulrazak, wanda ya daɗe ba ya cin kowa a wasan, ya kayar da abokin karawarsa daidai inda gangar ta ɗaga. Ya miƙe tsaye yana cewa, "A maimaita! Wallahi a maimaita!"

Daga nan waƙoƙi suka yi ta zuwa. Akwai ta shiga fili, akwai ta ninja mace mai jifa da taurarin ƙarfe. Wadda Zunnuraini ya fi so ita ce ta wanda aka kayar, mai sanyi, da ke cewa ninja ba ya zagi, sunkuyawa yake ya tafi ya sake shiri. Tun da ta shigo, rigimar bayan wasa ta ragu a shagon.

Direbobin manyan motoci da ke jiran 'yan duwan, wato kwastan, su sallame su suka fara turawa a wayoyinsu. Wani cikinsu, Yahya, ya dawo daga Maraɗi ya tsaya gyaran taya, ya ce, "Malam, muryarka na ji a wani shagon gem can bayan tasha." Filemon ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Abu ɗaya ke damunsa: me mahaifinsa zai ce in ya ji an kai kiɗan noma wurin wasan yara? Da lokacin kaka ya yi ya je Gangara, ya tarar jikoki sun riga sun kunna masa. Zaki ya ce a nuna masa ninjan. Ya daɗe yana kallon wayar.

"Wanga ai maharbi ne," ya ce. "Amma kai ka yi nauyin hannu. Mai sanɗa ba a dukar masa tsakiyar ganga, gefe ake taɓawa. Miƙo ta nan."

Tsohon ya kaɗa, duk da tsufa kiɗan bai karkace ba. Filemon ya ɗora murya a kai, wani jika ya ɗauki waƙar a waya.

Yanzu da ita ake buɗe shagon kowace safiya. In baƙo ya tsaya ya tambayi wa ya yi ta, Filemon kan ajiye tayar da ke hannunsa, ya goge tafi a wando, ya ce, "Muryar tawa ce. Gangar ta babana ce."