Ku goge bidiyon Nafi'u kafin ya kai ga Inna

Da safiyar nan, ina ƙoƙarin buɗe shago, wayata ta yi ƙara. Guruf ɗin unguwarmu ne. Wani ya turo bidiyo, ya rubuta a ƙasa: "Hatsari yanzu-yanzu a bakin gadar Wudil. A tura ko Allah zai sa a gane 'yan uwansa."

Na buɗe. Takalminsa na fara ganewa.

Nafi'u ne. Nafi'u Injiniya mai gyaran waya da haɗa sola, wanda shagonsa ke jikin shagon ɗinkina shekara da shekaru. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Babbar mota ce ta buge shi a kan babur, yana hanyar zuwa Utai zai haɗa wa wani manomi injin ban-ruwa. Mun yi masa sutura bayan azahar a Indabo, gidan mahaifiyarsa.

Mutuwa kam na karɓa, Allah ne Ya ba mu shi kuma Ya karɓi abinSa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wannan bidiyon, kuma wallahi raina a ɓace yake.

"A gane 'yan uwansa" wai. A cikin bidiyon ana jin wani yana cewa, "Ai Injiniya ne, mai shagon nan." An san shi sarai. Mutum yana kwance yana numfashi, ƙarti sun kewaye shi kowa ya ɗaga waya, har da mai matsawa gefe don ya samu haske. Wata dattijuwa mai sayar da soyayyen kifi ce kaɗai ta ajiye tirenta, ta cire mayafinta ta rufa masa jiki. Allah Ya saka mata da Aljanna.

Kuma guruf ɗin nan da aka jefa bidiyon, Nafi'u ne ya buɗe shi. Da hannunsa ya saka lambar kowa, don in transifoma ta lalace ko an yi haihuwa a sanar da juna.

Wanda bai san shi ba, ga Nafi'u a taƙaice: mutum ne da in ka kai masa waya gyara sai ka sha wa'azi kyauta. Ka ce za ka sayi sabuwa mai kyamara huɗu, ya dube ka ya ce, "Malam, hoton me kake ɗauka? Nemi mai batir da sabis, ka saya wa iyali nama da ragowar."

Ranar da wayata ta faɗa a bokitin wanki, na tusa ta a buhun shinkafa kwana biyu kamar yadda ake cewa. Da na kai masa ya yi dariya har da riƙe ciki. "Habu tela, shinkafa ta tuwo ce." Wayar ba ta tashi ba, amma ya yini a kanta har ya ciro mini hotunan marigayi babana. Su kaɗai gare ni. Ko shayi bai bari na saya masa ba.

Tattabaru yake kiwo a bayan shago. Ya ɗaure wata tsohuwar waya a akurkinsu, yana kallon ƙyanƙyasa daga kan bencinsa. In ƙwai ya fashe sai ya buga mini bango, "Zo ka ga ikon Allah!" Ni ko ina tsakiyar wuyan riga, dole in tashi.

Babban burinsa wata manhaja ce da babu rubutu a cikinta ko ɗaya, murya zalla. Manomi ya danna, a faɗa masa yadda hatsi da dabbobi suka kwana a kasuwar Juma'a, kafin dillali ya zo ya yi masa wayo. Mun sha yi masa tsiya, muna ce masa attajirin gobe. Shi kuwa cewa yake duk abin da Inna ba za ta iya amfani da shi ba, bai gama haɗuwa ba.

Inna ita ce mahaifiyarsa. Ba ta karatun boko, amma ya saya mata waya, ya ƙara mata girman komai a fuskar wayar, ya koya mata saƙon murya. Kullum safiya sai ya tura mata ɗaya.

Jiya ma, haɗuwarmu ta ƙarshe, a kan haka na same shi. Ya kara waya a baki yana cewa, "Inna, kin sha maganin? Kar ki ce kin sha alhali yana ƙarƙashin filo." Na ce, "Kai dai auta ba ya girma." Ya ce, "Bari kawai, tsohuwar nan in ba ta ji ni ba, ko koko ba ta sha." Ya ɗauki jakar kayan aikinsa, ya ce in gaida gida.

Shi ke nan fa.

To ku ji dalilin wannan rubutun.

Kafin azahar bidiyon ya shiga guruf ɗin danginsu. Ƙanwar matarsa, Rukayya, ta yi maza ta ɗauke wayar Inna, ta goge, ta kashe data. Wannan mun iya. Wayoyin masu zuwa gaisuwa fa? Da la'asar wata mata, tana zaune a tsakar gidan makoki, ta kunna wa ta kusa da ita, da ƙara. Inna ta ɗago daga ɗaki ta ce, "Muryar wa nake ji?" Rukayya ta fizge wayar ta ce yara ne ke wasa.

A gidan mutuwa. A kan tabarmar uwar mamaci. Haba jama'a, ina tsoron Allah?

Da zan taho na durƙusa a bakin ƙofar Inna na yi mata sallama. Wayarta na hannunta, tana ta maimaita saƙonsa na jiya. Ta kashe, ta ce, "Habu, matso. An ce kai ka fara isa asibiti. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, ya sha wahala?"

Na ce, "A'a, Inna. Nan take ne. Ko sani bai yi ba."

Ta ce, "Alhamdulillah. Abin da nake ta roƙo ke nan." Sai a lokacin ta karɓi ruwa ta sha.

Ƙarya na yi mata. Duk wanda ya kalli bidiyon ya san ƙarya na yi, ya kuma ji sunan da yake kira. Allah Ya yafe mini, amma ko gobe ta sake tambayata haka zan faɗa.

Saboda haka ba na neman like ɗinku, kuma kada wanda ya sa mini hoton kuka a ƙasa alhali abin yana cikin wayarsa. Ka shiga ka goge. Ka cire daga status. Wanda ka tura wa, kira shi ka ce ya goge. In za ki Indabo gaisuwa, bar wayarki a jaka, ki kuma riƙe bakinki a kan abin da kika karanta nan.

Allah Ka jiƙan Nafi'u, Ka yafe masa, Ka sa wahalar da ya sha a bakin titi ta zama kaffara, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri.

Ku sa shi a addu'a, don Allah. Ku roƙa wa Inna kuma, Allah Ya sa har ta koma gare Shi ba ta ji abin da muka ji ba.