Abin da ke cikin bindigata

Yayana bindiga mai baki biyu yake riƙewa, ta harsashi, kuma bai taɓa ganin tawa bai yi dariya ba. "Harba-ka-ruga," haka yake ce mata. Ni kuwa ko a jikina. Bindigar toka ce, doguwa, maƙerin garinmu ya ƙera mini ita daidai kafaɗata. Harsashi yadda aka sayar maka haka za ka harba shi, amma tawa ni nake ɗura ta: albarushi, tsumma, ƙananan tsakuwa na rafi, sai wani tsumman in danna. In zabin daji suka taru suna kalar gero bayan girbi, tsakuwar nan baje su take yi, naman kuma bai dagargaje ba.

Da daji ya lalace da ɓarayi, yayana ya rataye tasa. Ni taurin kai ya hana ni. Na ce ai zabi nake nema, ina ruwan wani da ni?

Wata safiya na bi gonakin da ke hanyar Birnin Tsaba, na laɓe bayan wata sabara, zabin na gabana. Sai na ji babura. Kafin in miƙe sun zagaye ni, fuskoki a naɗe da rawani, kowa da bindigarsa a rataye.

"Kai, ɗan sa-kai na?" in ji babbansu, wani siriri mai jajayen idanu.

Na san abin da suke yi wa 'yan sa-kai, masu gadin gari. Kowa ya sani.

"Maharbi ne ni, ranka ya daɗe. Zabi nika bi."

Ya nuna bindigata da baki. "Mi ac ciki?"

Ashe sun san sirrin. Mai gadin gari guntayen rodi yake ɗurawa, don mutum. Mai tsuntsu tsakuwa. Ya ce in zazzage ta a gabansa, in ƙarfe ya faɗo, nan za su bar ni.

Na san abin da na ɗura da hannuna, amma tsoro ya sa na fara shakka. Anya jiya ba rodi na sa ba, da aka yi ihun ɓarayi? Na sauya kuwa? Na zaro wayar da nake ƙwaƙulo tsumma da ita, na zura ta a bakin bindigar. Wani ya ɗora mini bakin tasa a ƙeya, sanyinsa har cikin haƙorana. Tsumman ya ƙi fitowa, ya yage, na sake ƙwaƙula ina salati a zuci. Da ya fito na kifa ta a tafin hannuna.

Tsakuwa. Ƙanana, farare.

Siririn ya tona su da yatsa kamar mai duba tsaba a kasuwa, ya karɓe bindigar, ya ce, "Tahi. Kak ka waiwayo."

Ban taɓa tafiya mai tsawon wannan ba. Bayana duk ya zama ido. Ina son in ruga, ina tsoron gudun ne zai sa su harba. Ina cikin haka sai na ji tau! tau! tau! Na kife a kan kututturan gero, na yi kalmar shahada da ƙarfi, ina jiran zafin ya iso. Wandona ya jiƙe, ban ma sani ba.

Sai dariya. Zabin suka harba.

Na daɗe kwance bayan ƙarar baburan ta ɓace, ƙasa cike da bakina, ina shafa jikina ina neman jini. Da na isa gida ƙaramar 'yata ta rugo ta bayana ta ɗale ni yadda ta saba. Na kurma ihun da ya sa ta sake ni ta faɗi, ta tsaya tana kallona, ta kasa ko kuka.