Baba Kunne da ramukan da ya ƙi sharewa

Jama'a, ku bari in ba ku labarin Baba Kunne, don bakina ya ƙi rufuwa tun jiya!

Kullum da hantsi yake ɗaga ƙofar shagonsa, ya share teburi, ya jera magagari da 'yan tsummokaransa. Jitoci na rataye a bango, rana na ratsowa ta taga, ƙura na iyo a cikinta kamar ba ta da wajen zuwa. In aka kawo masa jita, sai ya kwantar da kunne a jikinta ya lumshe ido, har ka ce barci ya kwashe shi. Shekara arba'in ke nan, ga shi yanzu yana batun ajiye aiki.

Maigidana yana kaɗa bas, babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu da murya kamar hadari daga nesa. Ta marigayi babansa ce. Kwanaki ta fara zizzz kamar ƙuda a kwalba. Wani mai gyara ya ce sai an tuge duk ƙarafan da ke gicciye a wuyanta, waɗanda ake danna tsirkiya a kai. Maigida ya daina cin abinci, wai yatsun babansa ne suka lotsa su, abin da ya rage masa ke nan.

Na goya jaririyarmu, na tasa shi gaba sai shagon Baba.

Baba ya bi wuyan jitar da ɗan yatsa, a hankali. "Wannan lotsawar mai taushi ta tsohonka ce, aikin shekara talatin. Wannan ramin fa, wane magini ne ya haƙa?"

Maigida ya ce, "Ni ne, Baba. Wata takwas ina kaɗa ta."

"Sannu da ƙoƙari! Rijiya kake nema?"

"Baba, tsirkiya na canza, mai ƙyalli. Ta fi ƙara."

"Ta fi ci dai. Shafa ka ji kaushinta. Ƙarfenta ya fi na jitar tauri, kana dannawa tana gurza. Tsohonka mai santsi yake sawa, ita lallashi take." Sai ya juyo gare ni. "'Yata, haka yake danne miki cokali?"

Na ce, "Baba, har ya lanƙwasa biyu!"

Ƙarafa uku kacal ya canza, waɗanda maigida ya ɓata. Na tsohon ko magagari bai kai kansu ba. Ya ɗaura tsirkiya mai santsi, ya ce a riƙa goge ta bayan kiɗa.

Jiya aka karɓo jitar. Maigida ya zauna bakin gado, yatsansa ya faɗa daidai gurbin na babansa. Sautin ya fito luf, ya cika ɗakin kamar ruwan ɗumi. Jaririyar ta saki nono, ta juya, ta yi murmushinta na farko. Shi kuwa hawaye har gemu.

Baba Kunne, kai ne mai jin abin da ƙarfe ke faɗa. Kai ne ka san abin da ake gyarawa da wanda ake bari. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Masu sana'a, ku je ku zauna kusa da shi tun yana buɗe ƙofar nan. Kafin ku tuge abin mutum, ku tambayi hannun wa ya taɓa shi.