Yadda na baje asirin garkunan mutanenmu a intanet

A lokacin ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Gwarzo, kaina kuwa ya kumbura ba kaɗan ba. Da wayata na koyi haɗa shafin intanet, daga bidiyoyin kyauta, ba wanda ya zaunar da ni. 'Yar makiyaya daga Mainika! Wa ya isa ya gaya mini? Sai dai ina da wani hali: da zarar mai koyarwa ya iso maganar ɗora shafi da tsare shi, sai in tsallake, wai kada datata ta ƙare a kan surutu.

Babana ne shugaban ƙungiyar masu shanu ta yankinmu. Duk shekara idan malamin dabbobi ya zo rigakafi sai allura ta ƙare wasu garkunan ba su samu ba, don ba a san yawan da za a kawo ba. Na ce wa Baba zan yi shafin da zai riƙe sunan kowa, da inda garkensa yake, da yawan shanunsa. Mu an san mu, mutum ko ɗan cikinsa ba ya gaya wa yawan shanunsa, saboda baki da kuma ɓarayi. Amma ya bi su gida-gida, daga Kara har Garo ta ƙasar Kabo, yana ba su alkawarin daga shi sai ni sai malamin za mu gani. Suka faɗa, don girmansa kawai.

Na gama, na ɗora, shafi ya yi kyau abin sha'awa. Na sa kalmar sirri a shafin farko, amma shafin da jerin sunayen yake ban kulle shi ba, ban ma san ana yi ba. Adireshinsa kuma na kwafa na tura wa malamin. Shi kuwa don jin daɗi ya tura a wani guruf na hira a waya, a ga aikin 'yar gida. Bayan kwana uku ina cikin aji Baba ya kira. Ya ce wani dillali ya tare wani dattijon Garo a kasuwa, ya karanto masa shanunsa daga waya, har da maruƙa, a gaban jama'a. Innalillahi! A tsaye a gaban allo na cire shafin daga intanet.

Baba ya ce in zauna, shi zai je ya ba da haƙuri. Na ƙi. Ni na ɓata, ni zan buɗe baki. Muka je tare, muka tarar dattijon har ya kaɗa garkensa zuwa wajen surukansa, tsakiyar damina, don tsoro. Na durƙusa na faɗi laifina filla-filla, ban laɓe bayan na'ura ba. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi shi amininsa Baba ya gaya wa, ba waya ba. Na ga Baba ya sunkuyar da kai, abin da ban taɓa gani ba, na yi kukan da har yau nake jin zafinsa.

Na koma kan bidiyoyin nan da na raina, ɗaya bayan ɗaya, har da rubutu a littafi. Na kulle kowane shafi, na cire wuraren garkuna gaba ɗaya, na ba wata abokiyar aikina ta yi ta ƙoƙarin kutsawa har ta gaji. Sannan na tara dattawan, na miƙa musu waya su gwada da hannunsu. Yawancin waɗanda suka janye sunayensu sun dawo, allura kuma ta wadata a shekarar. Allah Ya tsare, ko saniya ɗaya ba a taɓa ba. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba.

Ku masu koyon wannan sana'a, kada ku tsallake darasin tsaro don ba shi da armashi. Kafin ku ba kowa adireshi, ku buɗe shi a wayar wani, ku ga abin da baƙo zai gani. Abin da ke ciki amanar mutane ce. Dattijon nan yana gaisawa da Baba har gobe, amma shanunsa ba su sake shiga rajistarmu ba, ni kuma ban taɓa samun bakin roƙonsa ba.