Azurfar Makaho

Ba zan faɗi sunana ba, don mahaifiyata tana raye, kuma kunyar da na jawo mata ta isa haka. Ni ɗan Agadas ne, a tsohon gari aka haife ni. Da can karen mota ne ni a motocin da ke shiga arewa. Da aikin ya mutu sai na koma zaman fada, daga dafa shayi sai gardamar ƙwallo. Abokaina suka yi ta tafiya haƙar zinariya Cibarakaten ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa tsoron rami ya hana ni. A lokacin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Kada ku ce tsoron Allah ne, babu dai wanda ya taɓa ba ni ajiya.

Sai aka yi shela a rediyo cewa gwamnati za ta koya wa matasa aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu. Samari sun watse daji, an bar iyaye ba mai ɗaga su, don haka za a mai da jinya sana'a, matasa su samu abin yi, iyalai su samu mai taimako. Mahaifiyata ce ta matsa mini na je na rubuta suna. Muka yi watanni ana koya mana yadda ake juya mai ciwo kada bayansa ya yi gyambo, yadda ake yi masa wanka, yadda ake karanta ordonans, wato takardar likita, a ba da magani kan lokaci. Ranar da aka ba mu takardar shaida da farar riga, malamarmu Madam Hadiza ta ce, "Ku sani, mutanen da za a ba ku ba su iya kai ƙararku. Wani ba ya gani, wani ba ya magana. A ɗakin nan daga ku sai Allah." Na tafa tare da kowa, amma hankalina yana kan yadda rigar ta yi mini kyau.

Aka kai ni gidan Baba Alhasan, tsohon maƙerin azurfa. Idonsa ya tafi, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye. Matarsa ta rasu, ƴaƴansa maza biyu suna wurin zinariya, ƴarsa Mariyama tana aure a Cirozerin. Ko tana nan ma, ba za ta yi wa mahaifinta wanka ba, shi ya sa aka nemi namiji. Da hannunta ta ba ni makullin gidan ta ce, "Ga Baba nan, amana."

Gidan shiru ne kamar an yi ƙaura. Kullum da safe ina juya makulli zan ji muryarsa daga ɗaki, "Ɗana, kai ne?" In yi masa wanka, in shafa masa mai, in jingina shi da bango. Daga nan sai ya ce in miƙo masa abokan hirarsa. Wata jakar fata ce da yake ajiyewa ƙarƙashin matashi, cike da abin wuya na azurfa irin namu na Agadas, waɗanda ya ƙera da hannunsa ya ƙi sayarwa. Kowane yana da ɗigo uku a bayansa, alamar aikinsa ke nan. Sai ya riƙa ɗaukar su ɗai-ɗai yana shafawa yana ba ni labari. Wannan shi ne na farko da maigidan da ya koya masa ƙira bai mayar wuta ba. Wannan shekarar da aka haifi Mariyama. Wani ƙarami mai kyau kuwa na marigayiya matarsa ne, shi yakan daɗe a hannunsa.

Ɓarnata da ƙaramin abu ta fara. Mariyama takan aiko masa da cuku da dabino, sai in ba shi ɗaya in ci uku. Bai ce komai ba. Sai na fara barin sa tun kafin la'asar in tafi fada, in na je da farar rigar nan kuwa a yi ta yi mini tsiya, "Ga mai wanke tsoho ya iso, a ba shi sabulu." Abin yana ƙona mini rai. Wani abokinmu ya dawo daga Cibarakaten da sabon babur, ni kuwa ina warin man zafi. Raina ya ce mini, ga azurfa kwance a hannun wanda ba ya ganinta.

A kasuwa akwai mai sayar da na jabu, na farin ƙarfe, waɗanda ake yi wa baƙi. Na sayi ɗaya mai kama da na Baba, na musanya yana barcin rana, na kai na gaskiyar wurin wani dillali. Washegari na miƙa masa jakar. Da yatsunsa suka kai kan na jabun sai suka tsaya. Ya juya shi, ya auna shi a tafin hannu, ya ajiye gefe. Sai ya ce, "Ɗana, gobe za ka zo ko?" Na ce zan zo mana, Baba. Ya ce, "To, alhamdu lillahi."

Na fita ina dariya a zuci, na ce tsufa ya gama da shi. Haka na ci gaba. Duk ranar da na yi musanya sai ya yi mini wannan tambayar, ni kuwa dabbar Allah ban taɓa haɗa su ba. Da ya rage saura na matarsa kaɗai, ya riƙe shi a ƙirji ya ce, kamar da bango yake magana, "Wannan dai a bar mini shi." Na ji shi sarai. Bayan kwana huɗu na ɗauke.

Malam Sidi ne ya tona ni, wani maƙeri da ya yi koyo a hannun Baba tun yana saurayi. Ya ga ɗigo ukun nan a teburin dillalin, ya kira Mariyama. Da rana tsaka ƴan sanda suka kai ni gidan da ankwa, maƙwabta sun cika ƙofa. Mariyama tana kuka ta ce, "Baba, an cuce ka ba ka sani ba." Baba ya ce, "Wa ya ce ban sani ba? Tun ranar farko na sani. Na tsufa ina taɓa azurfa, a sa mini gwangwani a hannu in kasa ganewa?" Ta ce, "To me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "In na faɗa za a kore shi. Wa zai buɗe ƙofar nan da safe?" Ya roƙi ƴan sandan su sake ni, wai yaro ne mai hannu mai taushi wurin wanka. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a sake ni ba, kuma daidai ne. Alƙali ya tura ni gidan kaso. Can na ji cewa gidaje da yawa sun sallami abokan karatuna, mutanen da ba su ci wa kowa ko dabino ba, an ce masu farar riga ɓarayi ne. Ƴan fada ko ɗaya bai leƙo ni ba. Mahaifiyata ta yi ta zuwa har ƙafa ta hana ta. Daga nan ranar ziyara sai in zauna kusa da ƙofa ina sauraron ƙarar makulli, a kira wannan, a kira wancan, har a rufe. A wurin zaman nan na gane abin da Baba yake ji kowace safiya, da kuma abin da ya yi ta saye da azurfarsa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka yanke mini hukunci. Akwai wani tsohon ɗan kaso da ba ya iya tashi, ni na riƙa yi masa wanka har Allah ya ɗauke shi, kuma abincinsa ban taɓa ba.

Ranar da aka sake ni, kafin in je gidanmu gidan Baba na nufa, ina ta shirya kalmomin neman gafara a hanya. Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka ce ya rasu tun bara. Na nemi Mariyama har Cirozerin. Ta bar ni tsaye a zaure, ta shiga ta fito da jakar fatar nan. Ta ce, "An karɓo masa azurfarsa, ban da ta Inna, ita an riga an narkar. Har ya rasu yana tambayarta. Waɗannan naka ne, ya hana a zubar. Ya ce in ka fito a ba ka, kuma a ce maka ya yafe. Ni dai ban kai can ba tukuna." Na buɗe, na jabun ne duka, sun yi sumul saboda shafa.

Yanzu dako nake yi a tasha. Takardar shaidata an soke ta, kuma ba wanda zai sake ba ni makullin gidansa. Na tuba ga Allah, ina roƙon ya karɓa. Ku matasa da ake ɗauka wannan aiki, ku riƙe shi da kyau, sana'a ce ta mutunci, duk mai yi muku tsiya ku bar shi da bakinsa. Kada ku fara da dabinon mai ciwo, don daga nan na fara. Kuma kada shirun tsoho ya ruɗe ku ku ce bai sani ba. Jakar nan tana ƙarƙashin matashina har yau, kowace safiya sai na taɓa ta. Baba ya tambaye ni ko gobe zan zo, na ce zan zo, kuma na je, amma da hannun ɓarawo. Yau da nake da hannun da zan je masa da shi, ƙofar a rufe take.