Duƙushin da Na Saya wa Taubashina

Shekarar da albasa ta yi mini kirki, abin da ba ta cika yi ba, na rasa yadda zan yi da kaina sai na sayi doki. Tsarata suna sayen babur, wasu suna canza kwanon ɗaki, ni kuwa da furfurata na ce doki. Karatuna bai wuce in gane lambar mota ba, amma tun ina yaro na lura in mutum yana kan doki, ko shirme yake faɗa sai an tsaya ya gama. Ga kuma gwiwa ta fara yi mini ƙorafi duk lokacin da na doshi fadama.

Abin da na sani game da doki shi ne gaba yana cizo, baya yana harbi. Wanda ya san sauran shi ne taubashina, ɗan ƙanwar babana. Gidana yana tudu, nasa yana bakin ruwa, nan ƙasar Ngaski, tafiyar da ba ta kai a ɗauki guzuri ba. Ya riƙe dawaki da ƙuruciya, da ciyarwa ta gagare shi ya sayar, turken ya koma wurin shanyar tarun kamun kifi. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangidan da ba ya ciyarwa. Tun muna yawo tsirara muke cutar juna. Na taɓa ɗinke masa ƙafar wando ranar da zai je gaida surukai. Ya taɓa zura mini ɗanyen kifi a aljihun babbar riga ranar Juma'a. Wanda aka yi wa sai ya yi dariya ya jira tasa ranar. Haka kowa ya san mu.

Shi ya kai ni wata ruga a wajen Shanga, wurin wani dattijon Bafulatani mai duƙushi. Ja ne, da fari a goshi, ƙafafu dogaye kamar an ba shi aron na yayansa, ya kusa isa hawa. Uwarsa ta mutu yana ƙarami, da nonon saniya aka raine shi, tare da garke yake zuwa gulbi, shi ya sa suke ce masa Maraya. Da aka gama ciniki dattijon ya zare ragamarsa daga kan duƙushin ya naɗe, ya ce dabba ya sayar, bai sayar da igiya ba. Ni ko zare ban zo da shi ba. Ina shirin kwance rawanina, taubashina ya fiddo tsohuwar ragamarsa daga jaka ya sa masa. Har godiya na yi.

A bayan a-kori-kura, muna riƙe da shi ta nan da nan, ya yi mini karatu.

"Ubangida, buɗe kunnuwan nan naka. Doki na wanda ya shayar da shi ne. Kwanakin farko kada kowa ya ba shi ruwa sai kai. In ya sa baki, ka faɗa mishi sunan da kake so a kunne. In ya riƙe, ya riƙe har mutuwa."

"To in wani ya ba shi fa?"

"Ka saya wa wani doki ke nan."

Na riƙe maganar nan fiye da yadda na riƙe karatun allo.

Suna kam tun a hanya na yanke. Ba za a kira kowa maraya a gidana ina raye ba. Na raɗa masa Huta-Gwiwa. Na sa aka toya ƙosai aka raba wa maƙwabta, na raba goro. Uwargida ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, kafin ka gama faɗin sunan nan ai dokin ya kai Wara." Na ce mata harkar dawaki ba ta mata ba ce, ni da ban kwana da shiga harkar ba.

Na kafa turke a ƙofar gida, gindin darbejiya, na yi rumfa. Na ɗauko wata tsohuwar jarka daga gona na raba ta biyu, na ɗauraye, ta zama abin ban ruwa. Sannan na kafa doka: daga uwargida har jikoki, kada wanda ya kuskura ya zo kusa da turken nan.

Duƙushin ya sunkuya kan ruwan, ya hura hanci, ya ja da baya. Na ce baƙunta ce. Washegari haka. Na jiƙa kanwa na zuba, haka. Harawa sai ya ɗan tsakura ya bari, dusa ko kallo. Da safe in same shi yana lasar raɓa a jikin dannin kara. Ni kuwa ina tsugune da rabin jarka a hannu, bakina a kunnensa, ina ta Huta-Gwiwa, Huta-Gwiwa, kamar mai yi wa majinyaci addu'a. Kafin a jima kwiɓinsa ya faɗa, ido ya zurma, haniniyar ma ya daina. Uwargida ta tsaya daga bakin zaure ta ce in bari ta duba ruwan nan. Na daka mata tsawa.

Na aika wa taubashina. Ya same ni zaune a ƙasa kusa da turken, kuma ba zan ɓoye ba, hawaye nake yi. Ya duba haƙoran duƙushin, ya ja fatar wuyansa ya saki. Ya sunkuya kan jarkar, ya ɗan jima, ya miƙe yana murza hanci. Ya dube ni, ya dubi dokin, ya sake dubana.

"Wanga ɗan gulbi ne," ya ce. "Kewa ce. Bai saba da ruwan rijiya ba. In ya ƙara kwana nan, rami za ka gina."

"To yaya za a yi?"

"Kawo shi wurina ya sha ruwan tafki, ya ci burugu, ya dawo hayyacinshi. Sai ka zo ka ɗauki abinka."

Burugu ita ce ciyawar nan mai zaƙi da ke fitowa bakin ruwa, wadda Fulani ke rububi a kanta da rani.

Na ce, "Ruwan fa? Kai ka ce wanda ya shayar."

"Tafki za ya shayar da shi, ba ni ba. Kishin tafki za ka yi?"

"Sunan fa?"

"Kullum sai na faɗa mishi. Ni mi nika yi da doki, da tsufana? Amma kada ka riƙa zuwa. In ya gan ka ƙishirwa za ya tuna."

Na yarda. Ni na riƙe masa ragamar har bakin hanya.

Lokacin ya zo daidai da dashen albasa, gona ta riƙe ni. Sai dai in aika amalanke da harawa da dusa da dawa. Ɗan aike ya dawo ya ce doki ya murmure, in yi hamdala. Bayan nan labari ya fara zuwa da kansa. An ga taubashina yana wanke wani jan doki a bakin ruwa. An gan shi ya ja shi cikin tafki suna iyo tare. An gan shi ya ɗora masa sirdi. In na aika cewa zan zo ɗauka, sai ya ce saura kaɗan, bai gama sakin jiki ba. Ni kuwa ina ta gaya wa mutane cewa bawana yana yi mini kiwo.

Aka yi suna a gidan wani maƙwabcinsa, masu jirgin fito, na saka riga na tafi. Muna zaune kan tabarmi bayan an shafa fatiha, sai ga taubashina tafe a kan dokina. Da ƙyar na gane dabbar. Ya cika, gashi yana sheƙi, wuya a lanƙwashe. Ya sauka ya sake shi haka nan, ko ɗauri babu. Na miƙe a gaban jama'a, na gyara riga, na ce, "Huta-Gwiwa."

Ko kunne bai kaɗa ba. Na matsa na sake faɗa. Ya ci gaba da tsinkar ciyawa.

Taubashina ya zauna, ya ɓare goro, ya ce a hankali, "Kyauta."

Dokin ya ɗaga kai, ya ratso tsakanin tabarmi, ya tura hancinsa a hammatarsa.

"Kyauta nike ce mishi," ya gaya wa mutane, "don ubangidana ya saya, shi ka ciyarwa, ni ka hawa. Kun san mi ya hana shi shan ruwa can tudu? Jarkar fetur ce ta injin ban ruwa wanga tsoho ya yanka ya zuba mishi ruwa ciki. Tun daga nesa na ji wari. Shi ko taba da albasa sun kashe mishi hanci, ko mushe ka aje mishi cewa za ya yi turare ne. Na same shi yana kuka, majina har gemu."

Wuri ya kece da dariya. Har mai jego aka ce ta ji daga ɗaki. Na buɗe baki in yi tawa dariyar, yadda muka saba, ta ƙi fitowa.

In don jarkar ce, wautata ce, kuma na yi waɗanda suka fi ta. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne sunkuyawar nan da ya yi. Ya ji warin, ya ga dabba tana mutuwa da ƙishirwa, ya ga ɗan kawunsa a ƙasa yana hawaye. Cewa kawai zai yi in canza kwano. Ya tsaya ya dube ni, ya auna, ya ga akwai doki a ciki. Kuma shi ya koya mini dokar shayarwa da bakinsa, ya san sarai abin da yake ɗauka.

Na kai maganar wurin wani dattijo da ya rage mana a dangi. Ya saurare ni yana danne murmushi.

"Ya hana ka dokin?"

"A'a, Baba."

"Ya sayar?"

"A'a."

"To mi ya ci maka? Taubasantaka ce. Kai ma ka jira taka ranar."

Na rasa yadda zan gaya masa cewa abin da aka ɗauka ba a ramawa. Ko na sace masa jirgi da taru, dokin ba zai manta ba.

Na je na ɗauko abina. Bai hana ba, har ya rako ni yana ba ni shawarar yadda ake goge masa baya. Uwargida ta fiddo babban kasko na ƙasa, ta cika da ruwan rijiyar nan da aka ce bai saba da shi ba. Ya shanye, ya nemi ƙari. Sai ta ɗauki rabin jarkar da yatsu biyu ta wurga bayan danni.

Na sake farawa daga tushe. Ni ke ba shi ruwa, ni ke yanko masa burugu da wannan gwiwar tawa, ni ke cire masa kaska. Ya saba da ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Yana cin dusa a tafin hannuna, yana bari in hau, ya kai ni fadama ya dawo da ni. In na faɗa masa Huta-Gwiwa a kunne sai ya kaɗa kunnen kamar ƙuda ya sauka. Da hantsi kuma ya juya fuska wajen tafki ya yi haniniya.

Wata rana da la'asar ya tsinke igiya. Na fito na hango shi ya miƙe hanyar bakin ruwa, ga gonar shinkafar mutane a gabansa ta fara nuna, masu ita suna ciki da lauje. Na bi shi ina ɗingishi ina kiran sunan da na raba wa ƙosai. Bai waiwayo ba. Saura ƙiris ya faɗa cikin shinkafar, mutanen sun miƙe suna neman sanduna. Na tsaya, na cika ƙirji, na kira shi Kyauta. Ya ja birki, ya juyo, ya zo da sassarfa yana leƙen bayana ko mai sunan yana nan. Da ya ga ni kaɗai ne, ya tsaya na kama shi. Masu shinkafa duk sun ji. Tun ranar haka nake kiransa, don ba ni da wani abin kiran.

Bayan girbi taubashina ya zo gidana da ƙullin busasshen kifi. Tun daga nesa yake magana.

"Ina ubangidan da hancinshi ya riga shi mutuwa? Fito ka ga bawanka."

Dokin ya ji muryar, ya hau haniniya yana zagaya turke. Na fito. Na shiga ciki na ɗauko sabuwar tabarma, wadda ake shimfiɗa wa baƙi, na shimfiɗa masa a zaure. Na ce, "Sannu da zuwa, Malam. Yaya iyali? Yaya ruwa?"

Ya tsaya yana kallon tabarmar. "Malam kuma? Kai, bar wanga wasa."

"A kawo wa Malam ruwa," na ce wa cikin gida.

Ya zauna a bakin tabarmar, kifin a cinyarsa. Ya jefo wata tsokanar, a kan furfurata, na ce Allah ya sa mu gama lafiya. Ya jefo wata, na tambaye shi farashin kifi a Yelwa. Ya sha ruwan, ya ajiye kifin, ya miƙe. Na raka shi har ƙofar gida yadda ake raka baƙo. Da zai wuce turken ya rage tafiya, dokin ya miƙo wuya iya tsawon igiya. Ya ɗaga hannu zai taɓa shi, ya dube ni, ya mai da hannun aljihu, ya kama hanyar bakin ruwa.