Goggo Ofelia da Dokar Rabin Gora

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, ina ƙarƙashin wata akori-kura ina canza mata baƙin mai, abokinmu Royce ya kira ni ya ce Goggo Ofelia Barragán ta rasu a El Paso, bayan jinyar wata huɗu. Shekarunta sittin da uku. Na daɗe a ƙarƙashin motar nan ban fito ba. Daga Allah muke, wurinsa kuma kowa ya dosa.

Goggo, mutanen garinmu Alpine sun san ki da tuƙa motar 'yan makaranta. Mu huɗu abokan tafiyarki kuwa, da sandar tafiya muka san ki, kina gaba muna biye, a duwatsun Big Bend kowane ƙarshen Nuwamba, kwana uku da tanti a baya. Ranar jana'izarki, a bakin coci, Royce ya ce, "Tafiya ta ƙare ke nan. Wa zai ja mu? Ni ko a wurin ajiye motoci ɓacewa nake."

Faci kika kawo mini ranar da muka haɗu. Kika ga na bi tayar sannu a hankali har na gano huda ta biyu, kika ce mai irin wannan haƙuri ya dace da hamada.

Dokarki ɗaya ce. Duk inda aka tsaya hutu, kowa ya ɗaga gorarsa a gani. In ta mutum ɗaya ta kai rabi kafin a isa, kowa ya juya. A tafiyata ta farko, saura mil guda mu kai bakin dutsen da Royce ya shekara uku yana burin gani, tawa ta wuce rabi. Na ɗaga ta, na rufe wurin da tafin hannu.

"Ɗana Anselmo, sauke hannun nan."

Na sauke. Kika juya ba ƙarin magana.

"Yaron nan mutum ne ko rariya?" in ji Royce. Haka ya yi ta mita har gindin dutse.

Na ɗauka ba za a sake gayyato ni ba. A sansani kika miƙo mini gurasar tortilla da wake, kika ce ƙishirwa ba abin kunya ba ce, ɓoye ta shi ke kashe mutum. Da shekara ta zagayo, ni kika fara kira.

Na gaya miki a aji tara na bar makaranta, layukan taswira juya mini kai suke yi. Kika dunƙule hannuna, kika zagaye ƙasusuwan yatsuna da biro, zobe cikin zobe, sannan kika ce in shimfiɗa. Sai ga taswira a bayan hannuna. Kwana biyu ban wanke wurin ba.

Bara kika ce gwiwa na damun ki, in wuce gaba. Na lura da tafiyarki, Goggo, gwiwar nan lafiyarta ƙalau. A wani busasshen rafi mai rassa biyu na tsaya minti goma ina duban duwatsu, kowa na jira. Na waiwayo neman taimako, na tarar kina ɓare lemo kina kallon sama. Na ɗauki reshen hagu. Shi ne.

Mako biyu bayan jana'iza, 'yarki Marisol ta kira ni. Ba ta taɓa bin mu ba, kullum aikin asibiti ya riƙe ta. Ta ce tana so ta ga abin da ke ɗauke mata uwa duk shekara. Na ce ta ba ni lokaci. Kwana uku ina juya maganar, don jan mutane babu ke a bayana wani abu ne daban.

Asabar da ta wuce na tuƙa har bakin hanyar duwatsun Big Bend, na ajiye ruwan rana ta biyu a akwatin ƙarfen da matafiya ke barin nasu. Kowane galan na rubuta masa suna da ranar ɗauka, yadda aka saba. Na Marisol biyu na sa, sabuwar ƙafa ce. Daga nan na kira Royce na ce ya nemo takalmansa.

"Kai rariya, in ka ɓatar da mu na mutu, wurin Goggo zan fara kai ƙararka."

Haka ya faɗa, amma ya tambayi ƙarfe nawa za a tashi.

Allah Ya ji ƙanki, Goggo, Ya yafe miki, Ya shayar da ke inda ba a ƙishirwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Don Cipriano, da Marisol, da jikokinki biyu. Allah Ya ba ku haƙuri. Don Cipriano, ban yi alkawarin za mu kai bakin dutse ba, amma da yardar Allah zan dawo maka da 'yarka lafiya.